Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Giya da Kayan Haɗa Tsohon Keken Tsere na Ƙarfe

Wanda ya samu tsohon keken tsere na ƙarfe, irin waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1960 da ƙarshen shekarun 1980, yakan ɗauka cewa abin da ya rage masa shi ne ya sayo sababbin kaya ya ɗaura. A gaskiya firam ɗin ne yake yanke hukuncin abin da zai shiga jikinsa, domin a wancan zamani Ingila da Italiya da Faransa da Japan kowace tana da ma'auninta, kuma bambancin yakan kasance ƙasa da milimita ɗaya, wanda ido ba ya gani sai tiredi, wato layukan da noti yake bi idan ana murɗa shi, ya lalace.

Ta ina ya kamata in fara?

A fara da awo, kuma a rubuta shi a takarda kafin a sayi ko da noti ɗaya. Abubuwan da za a auna su ne tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya inda aksil ɗin taya yake zama, da faɗin kwanson tsakiya inda hannayen feda suke juyawa, da kaurin sandar sirdi, da kaurin wuyan kan keke, da girman rim, da nisan da ke tsakanin ramin birki da gefen rim. Ma'aunin da ya dace shi ne mai baki biyu wanda yake nuna ɗaya bisa goma na milimita, domin tef ɗin awo ba zai raba 26.8 da 27.2 ba. Kada kuma a zubar da tsofaffin kayan da aka kwance, ko da sun ci tsatsa, saboda sau da yawa a jikinsu aka buga lambar da za ta bayyana irin ma'aunin keken.

Kafin wannan ma, a duba ko firam ɗin ya cancanci wahalar. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da wuya. Idan aka ji ɗan tudu, ko aka ga fenti ya yi zobe ya tsattsage a wurin, alama ce ta cewa keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma irin wannan firam bai kamata a zuba masa kuɗi ba.

Tazarar bayan kekena milimita 126 ce, tayoyin zamani kuma 130. Za su shiga?

Za su shiga. Kekuna masu giya biyar a baya tazararsu yawanci milimita 120 ce, masu shida da bakwai 126, sannan daga giya takwas zuwa sama aka koma 130. Daga 126 zuwa 130 kowace ƙafa milimita biyu kawai za ta matsa, kuma ƙarfe yana da juriyar da za a iya buɗa shi da hannu duk lokacin da za a sa taya. Daga 120 zuwa 130 kuwa sai an lanƙwasa ƙafafun dindindin, ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana aunawa. Hanyar gane ko an karkace ita ce a ɗaura zare daga bakin ƙafar dama, a zagayo da shi ta gaban wuya zuwa bakin ƙafar hagu, sannan a auna nisan zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Wajibi ne su zo daidai. Bayan haka a daidaita bakunan ƙafafun su fuskanci juna, in ba haka ba aksil zai riƙa ɗaukar nauyi a karkace har ya lanƙwashe.

Wannan aiki na firam ɗin ƙarfe ne kaɗai. Ba a yi wa alminiyom ko kabon, kuma ko a cikin ƙarfe ba a yi wa bututun da aka ƙarfafa da zafi irin Reynolds 753. Bututu irin Reynolds 531, wanda ya fito tun 1935, da Columbus SL suna karɓar wannan gyara.

Mene ne bambancin firiwil da kaset, kuma wanne zan zaɓa?

Firiwil dunƙule ɗaya ne na faya-fayan haƙoran baya wanda ake murɗa shi a kan tiredin hob, wato cibiyar taya, kuma abin da ke yin ƙas-ƙas idan an daina taka feda yana cikinsa. A tsarin kaset wannan abu yana jikin hob ne, faya-fayan haƙoran kuma zura su kawai ake yi a kulle da zobe. Raunin firiwil shi ne boris ɗin gefen dama yana can ciki, saboda haka wani dogon yanki na aksil yana rataye ba tare da madogara ba, kuma gwargwadon yawan giya gwargwadon tsawon wannan yanki. Da giya biyar ko shida babu damuwa, da bakwai ana iya zama lafiya, amma firiwil mai takwas ya yi ƙaurin suna wajen karya aksil.

Idan tayoyin asali suna da lafiya, shawarata a bar su a sa sabon firiwil mai shida ko bakwai, domin har yanzu ana ƙera su, kuma siffar haƙoransu ta fi ta da sauƙin karɓar sarƙa. Abin lura ɗaya shi ne tsofaffin hob na Faransa suna da tiredin milimita 34.7, wanda firiwil na yau ba ya hawa daidai. Idan kuwa dama za a sake tayoyi, kaset ya fi, saboda zaɓin haƙoransa ya fi yawa.

Yaya zan san yawan haƙoran da suka dace da ni?

A nan ne masu gyara suka fi yaudarar kansu. Kekunan tsere na wancan lokaci suna zuwa da faranti biyu a gaba, 52 da 42, da firiwil daga 13 ko 14 zuwa 21 ko 24 a baya, kuma an yi wannan haɗi ne domin matasan da tsere ne sana'arsu. Lissafin ba shi da wuya: a raba haƙoran gaba da na baya, a ninka da kewayen taya, wanda a girman 700C, wato girman tayar keken tsere na yau, ya kai kimanin mita 2.1. Sakamakon shi ne nisan da keke zai yi idan feda ta zagaya sau ɗaya. Da 42 a gaba da 21 a baya, giya mafi sauƙi tana cin mita 4.2. Da 42 da 24 ta sauko zuwa 3.7. Da 39 da 28 ta zama 2.9, da 34 da 28 kimanin 2.6, da 34 da 32 kuma 2.2. Wato mai 34 da 32 yana hawa tudu da kusan rabin nauyin da mai 42 da 21 yake ji a gwiwarsa.

Ta ɓangaren sama kuma mutane suna tsoron abin da ba zai same su ba. Giyar 52 da 13 tana cin mita 8.4, kuma idan ana juya feda sau 90 a minti ɗaya gudun ya haura kilomita 45 a awa. Giyar 46 da 13 a wannan juyi tana ba da kilomita 40. Mutum nawa ne yake riƙe kilomita 40 a shimfiɗaɗɗiyar hanya har ya ji giya ta ƙare masa? Ni dai na fi ganin amfanin a rage babban faranti zuwa 46 ko 48 a samu ƙananan giya, a kan a riƙa yawo da 52 wanda sai a gangara ake taɓa shi.

Hanyar da ta fi gaskiya ita ce mutum ya hau wani keke zuwa tudu mafi tsanani da ya saba bi, ya lura da giyar da ya ƙare a kanta lokacin da ya gaji, ya yi lissafin mitocinta, sannan ya nemi haɗin da zai ba shi wannan adadi da ƙarin giya ɗaya a ƙasansa.

To me zai hana in sauya ƙaramin faranti kawai?

Abin da zai hana shi ne da'irar kusoshin da suka riƙe farantin a jikin hannun feda, domin faranti ba zai iya ƙanƙanta fiye da wannan da'ira ba. Tsofaffin Campagnolo masu da'irar milimita 144 ba sa sauka ƙasa da haƙora 42, sai dai 41 da ba a cika samu ba. Da'irar 135 tana tsayawa a 39, ta 130 wadda Shimano ya yaɗa tana tsayawa a 38, ta 110 kuma tana karɓar 34. Saboda haka mai son 34 ko 30 sai ya sake hannun feda gaba ɗaya. Ga wanda ba ya son keken ya rasa kamanninsa na da, akwai tsofaffin hannayen da aka yi wa matafiya, irin TA mai da'irar 50.4 da Stronglight 99 mai da'irar 86, waɗanda suke ɗaukar ƙananan farantai sosai. Akwai kuma mai faranti uku, wanda na cikinsa yake kan da'irar 74 ya sauka har 24, sai dai yana buƙatar dogon aksil da na'urar canji mai dogon hannu.

Tsohuwar na'urar canjin giya ta baya za ta ɗauki manyan haƙora?

Tana da iyaka biyu. Ta farko ita ce faifai mafi girma da za ta iya hawa ba tare da ƙaramar tayarta ta sama ta goge shi ba. Na'urorin tsere masu gajeren hannu, irin Campagnolo Nuovo Record, ƙarfinsu yana ƙarewa a wajen 26 zuwa 28. Ta biyu ita ce yawan sarƙar da za ta iya naɗewa, kuma ana gane shi ta haɗa bambancin farantan gaba da bambancin faya-fayan baya. Haɗin 52 da 42 tare da 13 zuwa 24 ya ba da 10 da 11, wato 21, wanda gajeren hannu zai iya. Haɗin 50 da 34 tare da 14 zuwa 28 ya ba da 30, kuma wannan sai dogon hannu.

Idan za a sayi tsohuwar na'ura domin aiki ba domin ado ba, ta SunTour tana da wuyar kayarwa. A 1964 kamfanin ya yi rajistar tsarin da jikin na'urar yake tafiya a karkace yana bin gangaren faya-fayan, sauran kamfanoni kuma ba su samu damar kwaikwayonsa ba sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 1984, kuma a kansa na'urorin yau suke. A duba kunnen da ake ɗaura na'urar a jikin firam: na gama-gari yana da tiredin milimita 10, amma tsofaffin kunnuwan Simplex da Huret suna da tasu siffar, kuma wasu ba su da tiredi ma sam.

Liba mai ƙas-ƙas ko mai sulɓi?

Tsohuwar libar canjin giya da ke jikin bututun ƙasa ba ta da matsaya. Mahayi ne yake jan ta har ya ji sarƙa ta zauna ta yi shiru. Alfanunta shi ne ba ruwanta da sunan kamfani, tana aiki da kowace na'ura da kowane firiwil, kuma har giya takwas hannu yana sabawa cikin 'yan kwanaki. Daga tara zuwa sama tazarar faya-fayan ta matse, sai a yi ta lalube.

Liba mai matsaya, wadda Shimano ya fitar a 1984 a kan Dura-Ace, da wadda aka haɗe da hannun birki a 1990, da ta Campagnolo a 1992, dukkansu suna buƙatar liba da na'ura da faya-fayan baya su kasance 'yan gida ɗaya masu adadin giya ɗaya. Ko a cikin gidan Shimano, tsohuwar Dura-Ace mai giya shida zuwa takwas ba ta jituwa da sauran. Wanda yake haɗa kaya daga nan da can, liba mai sulɓi za ta raba shi da ciwon kai mai yawa.

Yaya zan gane irin tiredin kwanson tsakiya?

Wannan ita ce tambayar da kuskure a cikinta ya fi tsada. Na Ingila, wanda ya zama na gama-gari kuma Japan ta bi, faɗin kwansonsa milimita 68 ne, tiredinsa inci 1.37 mai layi 24 a kowane inci, kuma cikin kofuna biyun da ake murɗawa a kwanson su riƙe aksil, kofin dama tiredin hagu ne, wato ana kwance shi ta juyawa yadda hannun agogo yake tafiya. Na Italiya faɗinsa 70 ne, kaurinsa milimita 36, kuma kofunansa biyu tiredin dama ne. Na Faransa faɗinsa 68 ne kamar na Ingila, amma tiredinsa milimita 35 ne mai tazarar milimita ɗaya, dukansu na dama. Na Suwizalan awonsa irin na Faransa ne, sai dai kofin damansa na hagu ne. Sannan kekunan Raleigh da yawa da aka yi a Nottingham suna da nasu tiredin mai layi 26 da kwanso mai faɗi fiye da 68.

Haɗarin yana tsakanin na Ingila da na Faransa, domin kofin hagu na Ingila yana kama zagaye biyu ko uku a kwanson Faransa kamar ya dace, sannan ya cije. Ni da kaina na taɓa jin wannan cizo na ɗauka tsatsa ce, na ƙara wa sufana bututu na matsa, kuma da na fito da kofin sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a cikin giris kamar an barbaɗa. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Ƙa'idar ita ce kofi ya shiga da yatsu zagaye da yawa kafin sufana ta taɓa shi. Idan tiredi ya riga ya tafi, ana iya sa aksil na tsakiya irin wanda yake matse kansa ba tare da tiredin firam ba, ko a sake yanka kwanson zuwa na Italiya tunda ya fi kauri. A na Italiya da na Faransa kuma a ɗaure kofin dama da ƙarfi sosai, domin juyin feda yana ƙoƙarin kwance shi.

Kowane aksil mai baki huɗu zai dace da hannun fedata?

A'a. Bakin iri biyu ne: JIS na kamfanonin Japan, da ISO wanda Campagnolo da wasu na Turai suke bi. Hannun ISO a kan aksil na JIS yana tsayawa waje da kimanin milimita huɗu da rabi, na JIS a kan ISO kuma yana nutsewa har ya iya kai ƙarshe bai matse ba. Tsawon aksil kuwa hannun feda ne yake fayyace shi, kuma manufar ita ce tsakiyar farantai biyu ta kasance kimanin milimita 43.5 daga tsakiyar firam, ƙaramin faranti kuma kada ya taɓa ƙafar baya. Wajen cire tsohon hannu a kula da abin cirewa: na gama-gari milimita 22 ne, na TA 23, na tsohon Stronglight 23.35, kuma ƙarami a cikin babban rami tsige tiredin alminiyom yake yi. Ramin feda ma a tsofaffin hannayen Faransa milimita 14 ne, ba tara bisa sha shida na inci ba.

Tayoyina inci 27 ne. In koma 700C?

Rim ɗin inci 27 faɗinsa milimita 630 ne, na 700C kuma 622, saboda haka idan aka sauya, robar birki za ta sauka da milimita huɗu. A duba ko ramin hannun birki yana da sauran wannan wuri a ƙasa; idan babu, sai a nemi birki mai dogon hannu, misali mai kai milimita 47 zuwa 57 a maimakon 39 zuwa 49. Ribar sauyin ita ce tayoyin 700C sun fi yawa iri-iri, kuma an samu ƙarin sarari na sa taya mai kauri, milimita 28 ko 32, wadda take sa keken ƙarfe ya yi laushin tafiya. Idan tsohon rim ɗin na ƙarfe ne mai ƙyalli, a sauya shi ko da girman bai dame ka ba, domin da ruwa ya taɓa shi birki ya zama suna kawai.

Birkin asali ya isa?

Sau da yawa ya isa, idan aka sa masa sababbin robobi da sabuwar waya da kwansonta. Robar da ta shekara arba'in ta zama kamar dutse, kuma ita ce take sa a zargi birkin. Masu jan tsakiya irin Mafac da Weinmann suna kamawa da kyau idan an daidaita su. Mai son birkin zamani ya lura cewa notinsa yana nutsewa cikin firam, tsofaffin firam kuma an yi su ne domin noti na waje, saboda haka ko dai a nemi birki mai doguwar kusa ko a faɗaɗa ramin baya na fok, wato ƙafafun da suke riƙe tayar gaba.

Sandar sirdi da wuyan kai fa?

Sandar 27.2 ita ce aka fi samu a firam masu kyawun bututu, amma akwai 26.4 da 26.8 da 25.4 da wasunsu, kuma sandar da ta gaza ko da 0.2 tana sa a matse kunnuwan firam har su tsage. Wuyan kai na gama-gari 22.2 ne, na Faransa 22.0. Bakin da yake riƙe kan keke kuma yana iya zama 25.4 ko 26.0, ko 26.4 a tsohon Cinelli, kuma ba a tilasta wani cikin wani. A shafa giris a sanda da wuya kafin a zura su, domin alminiyom da ƙarfe idan suka daɗe tare a bushe suna mannewa kamar an yi musu walda. Tsohon kai da wuya na alminiyom a wanke su a duba su a cikin haske sosai, musamman gefen matsewa, kuma duk wanda aka ga layin tsaga a jikinsa a ajiye shi.

Wajibi ne kayan su zama na zamanin keken?

Ya danganta da abin da ake nufi da keken. Idan na tarihi ne wanda kayansa na asali suke cike, a bar kaza cikin gashinta, a wanke a sa giris kawai. Idan ana son shiga taron masu tsofaffin kekuna irin L'Eroica, wanda aka fara a 1997 a Gaiole in Chianti ta Italiya, dokokinsa suna neman keken 1987 ko kafin nan, da liba a bututun ƙasa, da feda mai maɗauri, da wayar birki da take fitowa ta saman hannu. Idan kuwa keken hawa ne na yau da kullum, babu laifi a haɗa tsohuwar liba da sabon firiwil da hannun feda mai ƙananan farantai, a kuma adana kayan asali a kwali saboda ranar da za a so mayar da su.

Wace sarƙa zan sa, kuma yaya zan yanke tsawonta?

Sarƙar da ake sayarwa domin giya shida zuwa takwas tana aiki a kan firiwil mai biyar ma, kuma ta fi tsofaffin sarƙoƙi sauƙin canji. Kada a sa siririyar sarƙar giya goma a kan tsofaffin farantai, domin tana iya faɗawa tsakaninsu ta maƙale. Wajen tsawo, a ɗora sarƙar a kan babban faranti da babban faifan baya ba tare da an bi ta cikin na'urar canji ba, a ja bakunan su haɗu, a ƙara inci ɗaya, a yanke a nan. Idan tsohuwar sarƙa ake tunanin bari, a auna inci 12 daga tsakiyar wata ƙusa: a sabuwar sarƙa alamar tana faɗawa daidai kan tsakiyar wata ƙusar, idan kuma ƙusar ta zarce da ɗaya bisa sha shida na inci, sarƙar ta miƙe. Idan ta zarce da ɗaya bisa takwas, to ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, kuma sai an sauya su tare.